Guntun Gatarinka ko Sari Ka Ba Ni: Tunani a Kan Ajiye Sabar Imel a Gida

Gabatarwa

Tun ranar da ɗan'adam ya koyi aika magana zuwa inda ƙafarsa ba ta kai ba, ya faɗa cikin wata matsala wadda har yau bai fita daga cikinta ba, wato tilas ne ya damƙa maganar tasa a hannun wani. Ko manzo ne da ya haddace saƙo ya hau doki, ko falke ne da ya soke takarda a cikin gafakarsa, ko kuwa ma'aikacin gidan waya ne da ke jera ambulan a akwatuna, kullum akwai na uku tsakanin mai aikawa da mai karɓa. A zamaninmu wannan na ukun ya zama wata kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Ita ke karɓar wasiƙun imel, ta ajiye su, ta kuma tura waɗanda aka rubuta zuwa inda aka nufa. Galibin mutane ba su taɓa ganin tasu sabar ba, domin tana can a rumbunan manyan kamfanoni irin su Google da Microsoft da Yahoo.

Sai dai akwai wasu 'yan tsiraru a duniya waɗanda suka ƙi wannan tsari. Sun kafa tasu sabar a cikin ɗakunansu, suka zama su ne gidan wayar kansu. Tambayar da wannan maƙala take son ta bi diddigi ita ce, shin abin da suka yi hikima ce ko taurin kai? Amsar da za a yi ƙoƙarin kafawa kuwa ita ce, wanda ya ɗauko wasiƙunsa ya kawo gida bai rabu da amana ba. Matsayi kawai ya sauya, daga mai ba da ajiya ya koma mai karɓar ajiya, kuma da wannan sabon matsayin ne ya kamata a auna shi.

Yadda Abin Yake Gudana

Kafin a yanke hukunci a kan al'amari, ya kyautu a san yadda yake. A shekarar 1971 ne wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya kuma zaɓi alamar @ domin ta raba sunan mutum da sunan gidan da yake karɓar wasiƙa. A 1982 Jon Postel ya wallafa ƙa'idar da ake kira SMTP, wadda har yau a kanta imel yake tafiya. Abin lura game da wannan ƙa'ida shi ne ba ta naɗa wa kowa sarauta ba. Duk kwamfutar da ta iya yaren, tana iya ƙwanƙwasa ƙofar kowace kwamfuta ta miƙa mata wasiƙa. Lokacin da ƙasashe suka so wasiƙar takarda ta riƙa ƙetare iyakoki ba tare da wahala ba, sai da suka taru a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 1874 suka ƙulla yarjejeniya. Shi kuwa imel, an gina shi ne ta yadda talaka a ɗakinsa zai iya zama gidan waya ba tare da neman izinin wata hukuma ba.

Kayan aikin ma ba su da yawa. Ana bukatar ƙaramar kwamfuta, da suna na musamman a intanet wanda ake biyan kuɗin rajistarsa duk shekara, da manhajoji na kyauta irin su Postfix mai karɓa da aikawa, da Dovecot mai buɗe wa mutum akwatinsa. Sai kuma wutar lantarki da layin intanet waɗanda ba sa yawan yankewa. Ƙa'idar tana da haƙuri, domin idan aka zo da wasiƙa aka tarar da ƙofa a rufe, sabar da ta kawo ta za ta yi ta dawowa har kwana huɗu ko biyar kafin ta mayar wa mai ita. Ke nan ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i ba ta hallaka wasiƙa, amma ta mako guda tana iya yi.

Hujjar Mai Guntun Gatari

Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mai saba a gida yana tsaye ne a kan wannan karin magana, kuma hujjojinsa ba na wasa ba ne.

Hujja ta farko ita ce asiri. Tarihi ya nuna cewa mai ɗaukar wasiƙa yakan ji sha'awar leƙawa, musamman idan hukuma ta tsaya a bayansa. A 1844 aka gano cewa gidan wayar Ingila yana buɗe wasiƙun Giuseppe Mazzini, ɗan gwagwarmayar Italiya da ke gudun hijira a Landan, bisa umurnin ministan cikin gida Sir James Graham, har abin ya tayar da ƙura a majalisa. A Amurka, dokar da aka kafa a 1986 ta rage kariyar da take ba wasiƙar imel da ta wuce kwana 180 a hannun kamfani, kamar dai an ɗauke ta a matsayin kayan da aka yasar, sai a 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce tilas hukuma ta sami takardar izinin alƙali kafin ta karanta. Shi kuma Gmail, wanda aka buɗe a 2004, na'urorinsa sun yi ta bin kalmomin da ke cikin wasiƙun mutane domin zaɓar tallar da za a nuna musu, har zuwa 2017 da kamfanin ya sanar da daina hakan. A nan gida, sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da na wasiƙunsa. To, amma ina tasirin wannan sashe a kan wasiƙar da take kwance a wani rumbu a bayan teku?

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce ta iko. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani magidanci da ya ɗauki hoton ciwon da ke jikin ɗansa domin a nuna wa likita. Na'urar tantancewa ta Google ta ɗauki hoton a matsayin na cin zarafin yara, aka rufe masa akwati. 'Yan sanda sun bincika sun wanke shi, amma a lokacin da aka buga labarin kamfanin bai mayar masa da akwatin ba, alhali kuwa wasiƙunsa da hotunansa na shekaru suna ciki. Mai karatu zai iya cewa irin wannan ba ta cika faruwa ba, kuma gaskiya ne. Sai dai masanin falsafa Philip Pettit, a nazarin da ya wallafa a 1997 game da ma'anar 'yanci, ya jawo hankali ga wani abu: bawan da ubangijinsa yake da kirki bawa ne har yanzu, domin zaman lafiyarsa ya rataya ne ga halin wani. A wannan ma'auni, 'yanci shi ne a ce babu wanda yake da ikon korarka ba tare da an tambaye shi dalili ba, ko da kuwa bai taɓa korar taka ba. Tun da yake yau da adireshin imel ake buɗe asusun banki, a nemi gurbin karatu, a karɓi takardar aiki, wanda ya rasa adireshinsa ya yi kama da wanda aka rushe masa gida alhali duk masu nemansa can suka sani. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Wasiƙa ta Mutum Biyu Ce

Da a ce maganar ta tsaya a nan, da sai mu ce kowa ya tashi ya kafa tasa. Amma akwai abin da karin maganar gatari ba ta hango ba. Gatari na mutum ɗaya ne, ita kuwa wasiƙa ta mutum biyu ce. Duk abin da ka rubuta wa wani, kwafinsa yana akwatinsa, kuma ba kai ke zaɓar masa inda zai ajiye ba.

Wani malamin jami'a a Amurka, Benjamin Mako Hill, wanda ya daɗe yana gudanar da sabarsa domin gudun kada Google ya mallaki wasiƙunsa, ya zauna a 2014 ya ƙirga. Sai ya tarar cewa fiye da rabin wasiƙun da ya amsa a shekarar da ta gabata daga sabar Google suka zo masa. Wato ya gina katanga ya tsare gidansa, amma abokan maganarsa duk a gidan da yake gudu suke zaune. Darasin da ke ciki shi ne, rufin asiri ba abu ne da mutum ɗaya zai saya ya kulle a ɗakinsa ba. Ya fi kama da tsabtar unguwa, wadda ba ta samuwa idan gida ɗaya ne kawai ke shara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan wannan akwai matsalar yarda. Ƙofar da Postel ya bari a buɗe domin mutanen kirki, ita ce ɓarayi da 'yan talla suka bi. Tun a 1978 wani ɗan kasuwa mai suna Gary Thuerk ya aika talla ɗaya ga mutane kusan 400 waɗanda ba su nema ba, daga nan kuwa ambaliyar tarkacen wasiƙu ta yi ta ƙaruwa. Mu ma muna da kaso a cikin wannan abin kunya, domin wasiƙun damfara da duniya ta sani da lambar 419 sun samo sunansu ne daga wani sashe na kundin dokar laifuffuka ta Nijeriya. Domin kare kansu, masu karɓar wasiƙu suka fara ajiye kundin adiresoshin da ba a yarda da su ba, irin wanda ƙungiyar Spamhaus, da aka kafa a 1998, take tattarawa. Adiresoshin intanet na gidajen jama'a yawanci suna cikin jerin waɗanda ba a karɓar wasiƙa daga gare su kai tsaye, ba don mai gidan ya yi laifi ba, sai don an sha ganin kwamfutocin gidaje da ɓarayi suka kame suna watsa shara. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kamfanonin intanet da yawa kuma sun toshe ƙofa mai lamba 25, wadda ta cikinta sabobi ke magana da juna. A ƙasarmu, inda akasarin jama'a ke shiga intanet ta layin wayar hannu, mutane da yawa ne ke tarayya a adireshi guda, don haka babu yadda baƙo zai ƙwanƙwasa ƙofar mutum ɗaya daga waje. Ga kuma batun wuta, wanda ba sai an yi wa kowa bayani ba.

An ƙirƙiro hanyoyin shaida guda uku, SPF da DKIM da DMARC, waɗanda aikinsu ya yi kama da na hatimi da sa hannu, kuma a watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗansu a kai. Amma ko da mutum ya cika dukkan sharuɗɗa, wasiƙarsa tana iya faɗawa kwandon shara ba tare da an gaya masa dalili ba. A 2022 wani masanin kwamfuta ɗan Sifaniya, Carlos Fenollosa, ya sanar da cewa ya haƙura bayan shekara 23 yana gudanar da sabarsa, yana mai zargin cewa manyan kamfanoni sun mayar da yaƙi da tarkace hanyar korar ƙanana.

Wanda ya san tarihin zango zai gane wannan yanayi. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 a kan Sabon Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya dogara ga masu gida, waɗanda ke saukar da baƙon falke, su tsaya masa, su lamunce bashin da ke tsakaninsa da mutanen da bai sani ba. Baƙon da ya ce shi ba ya bukatar mai masauki, dukiyarsa tana hannunsa, amma wa zai ba shi bashi? Haka sabar gida take a kasuwar imel. Bambancin kawai shi ne, mai gida a zango mutum ne da ake iya zuwa zaurensa a yi masa ƙorafi, kuma idan ya ci amana sunansa ya ɓaci a gari. Masu gidan intanet kuwa ba su da zaure.

Nauyin da Ke Kan Mai Ajiya

Yanzu mu ɗauka mutum ya tsallake duk waɗannan shingaye, sabarsa tana aiki. A nan ne ainihin tambayar ɗabi'a take farawa. Daga wannan rana, duk wanda ya rubuto masa wasiƙa ya ba shi ajiya. Abokin da ya faɗa masa ciwonsa, da ɗalibar da ta kai masa kukanta, da ɗan'uwan da ya aiko da lambar asusunsa, dukkansu asirinsu yana kwance a wata na'ura a ƙarƙashin teburinsa. Idan kuma ya buɗe wa matarsa da 'ya'yansa akwatuna a sabar, to ya zama shi ne kamfanin da yake zargi, domin yana da ikon karanta duk abin da ya shigo musu ba tare da sun sani ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tsara hukuncin ajiya, wadda suke kira wadi'a. A taƙaice, wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai fa idan ya yi sakaci wajen tsaronta ko ya ƙetare iyaka ya yi amfani da ita. Waɗannan ma'aunai biyu sun dace da mai saba kamar don shi aka yi su. Sakaci shi ne ya bar manhaja ba gyara har ɓarawo ya sami kafa, ko ya ƙi ajiye kwafi a wani wuri har tsawa ko gobara ta cinye wasiƙun shekara goma, ko ya kasa tanadin wanda zai karɓi mabuɗi idan ta Allah ta kasance. Ƙetare iyaka kuwa shi ne ya leƙa abin da ba nasa ba. Babban kamfani yana da ɗaruruwan ma'aikata masu gadi dare da rana, shi kuwa mai gida yana barci, yana tafiya, yana rashin lafiya. Saboda haka wanda bai da ilimin abin ko lokacinsa, kuma ya ɗora wa kansa, ya jefa asirin mutane cikin haɗari domin ya ji daɗin cewa shi ɗa ne. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Misalai biyu daga Amurka za su fayyace iyakar al'amarin. Na farko shi ne Ladar Levison, wanda ya gudanar da wani ƙaramin kamfanin imel mai suna Lavabit, mai masu hulɗa kimanin 400,000, cikinsu har da Edward Snowden. A 2013 kotu ta umurce shi ya miƙa mabuɗin sirri wanda zai iya buɗe hanyar wasiƙun dukkansu, ko da yake mutum ɗaya ake nema. Ya yi jayayya har aka sa masa tarar dala 5,000 a kowace rana. Da ya ga ba makawa, ya miƙa mabuɗin, sannan a watan Agusta ya rufe kamfanin baki ɗaya domin kada wata wasiƙa ta sake bi ta ƙofar da ya san ba ta kulluwa. Ya yi hasarar sana'ar da ya shekara kusan goma yana ginawa, amma bai ci gaba da karɓar ajiyar da ya san ba zai iya tsarewa ba.

Na biyu ita ce Hillary Clinton, wadda ta riƙe muƙamin sakatariyar harkokin wajen Amurka daga 2009 zuwa 2013, ta kuma gudanar da wasiƙun aikinta ta wata saba da aka kafa a gidanta a jihar Niyok. Da abin ya fito fili a 2015, an ji cewa ta miƙa wa ma'aikatar wasiƙu kimanin 30,000, an kuma goge wasu kusan adadin haka bisa cewa na harkokin kanta ne. A watan Yuli na 2016 shugaban hukumar FBI, James Comey, ya ce an sami wasiƙu 110 masu ɗauke da bayanan sirri na gwamnati, ya siffanta abin da sakaci matuƙa, ko da yake bai ba da shawarar a gurfanar da ita ba. Na'ura iri ɗaya ce da ta mai guntun gatari, amma hukuncinta a ɗabi'a ya bambanta, domin wasiƙun ma'aikacin gwamnati a kan aikinsa dukiyar jama'a ce. Talaka yana rufe wasiƙarsa ne domin ya kare kansa daga mai iko. Idan mai iko ya kai takardun ofis gidansa, ko da da kyakkyawar niyya ne, ya naɗa kansa alƙalin abin da jama'a za su gani da wanda ba za su gani ba. Wannan kuwa ya shafi duk wani mai riƙe da ofis, babba ko ƙarami, da yake gudanar da aikin hukuma ta akwatinsa na kansa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da hukunci uku. Na ɗaya, kafa sabar imel a gida ba wajibi ba ne a kan kowa, kuma wanda ya bar wasiƙunsa a hannun kamfani bai yi abin kunya ba, matuƙar ya san cewa ajiya ya bayar, ya kuma yi tanadi. Mafi sauƙin tanadi shi ne ya mallaki sunan adireshinsa da kansa, ya riƙa ajiye kwafin wasiƙunsa, ta yadda idan mai masauki ya juya masa baya zai kwashe kayansa ya koma wani gida ba tare da ya sauya suna ba. Na biyu, wanda ya zaɓi ya kafa tasa, to ya sani ya ɗauki amanar duk mai rubuto masa, kuma za a auna shi da tsaronsa da kamewarsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na uku, ko da mutum ɗaya ne cikin dubu zai bi wannan hanya, maslahar sauran ce hanyar ta zauna a buɗe. Mai gidan haya da ya san ɗan haya yana da inda za shi, ba ya yi masa irin riƙon da zai yi wa wanda ba shi da mafita. Ranar da ya zama wasiƙa ba ta isa sai ta fito daga gidaje uku ko huɗu, to abin da aka gina a 1982 domin kowa ya zama mallakar wasu, kuma waɗanda ba su taɓa tunanin kafa saba ba su ma za su ɗanɗana kuɗarsu.

Anthony Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 game da mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa amana a cikin siffofin da ake gane shi da su, tare da gaskiya. Na'urori sun sauya tun daga lokacin, amma tambayar da ake yi wa falke mai gafaka ita ce ake yi wa kamfani mai rumbu, ita ce kuma ake yi wa mai ƙaramar kwamfuta a ƙarƙashin tebur: abin da aka ba ka, ka kai shi yadda aka ba ka? Wanda zai iya amsa wannan da i, ko a ina ya ajiye wasiƙun, ya fita haƙƙin mutane. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.